Kurakuran da baƙi suka fi yi a tafiyar Busan

Kuskuren farko tun a wajen yankan tikiti ake tafka shi. Mutum ya ga jirgi zai sauke shi a filin jirgin saman Incheon, sai ya ɗauka ya iso. Ai Incheon kusa da Seoul take, Busan kuwa tana can kudu maso gabashin Koriya ta Kudu, a bakin teku. Ko dai ka nemi jirgin da zai kai ka filin Gimhae, ko ka shiga Seoul ka hau jirgin ƙasa mai gudu na KTX, wanda ke cin awa biyu da rabi zuwa uku. In tafiyar ta faɗa kwanakin bikin Chuseok ko Seollal, ka yanki tikiti tun da wuri, don kowa gida yake nufa kamar jajibirin sallah, kujera sai wanda ya riga.

Wanda ya fi wahalar da mutane shi ne raina girman garin. Duwatsu sun matse Busan, sai ta miƙe doguwa a gefen ruwa. Baƙo zai kama masauki a Haeundae saboda rairayin bakin teku, alhali abin da ya zo gani, kasuwar kifi ta Jagalchi da unguwar Gamcheon, suna ɗaya ƙarshen. Kusan awa guda ke nan a jirgin ƙarƙashin ƙasa, kullum safe da yamma. A ganina masauki a unguwar Seomyeon ya fi, domin nan layi na 1 da na 2 na jirgin suka haɗu: na 1 ya kai ka Nampo da Jagalchi da tashar KTX, na 2 ya kai ka Gwangan da Haeundae. Ka ware wa kowane ɓangare ranarsa.

Sai maganar kati. Ka sayi T-money a ƙananan shaguna irin su CU ko GS25, yana aiki a bas da jirgi. Ka riƙe tsabar won, kuɗin ƙasar, a aljihu, don da ita aka fi zuba masa kuɗi. Kuma in za ka sauka daga bas, sake ɗora katin a na'urar da ke bakin ƙofar baya. Wanda ya manta ya rasa rangwamen canjin mota.

Kada ka dogara da Google Maps kaɗai. Mutanen ƙasar Naver Map da KakaoMap suke bi, kiran tasi kuma da manhajar Kakao T. Gamcheon ma kada ka ce za ka hau ta da ƙafa daga tashar Toseong. Hawa ne mai tsinka numfashi, ga ƙaramar bas tana kai mutane har sama.

Ɗan'uwa Musulmi, a nan ka buɗe ido sosai. Abincin da Busan ta fi shahara da shi, dwaeji gukbap, romon naman alade ne da shinkafa, kuma a hoto sai ka rantse farfesun naman shanu ne. Dwaeji na nufin alade, ka haddace kalmar. Gara ka nufi Jagalchi ka nuna kifin da kake so, a gasa maka a benen sama. Ranar Juma'a kuwa ka hau layi na 1 zuwa tashar Dusil, masallacin Al-Fatah na nan kusa.