Yadda Ake Shigo da Injin Ƙaramin Jirgin Sama Zuwa Damagaram

Kada ka tura ko dala kafin takardar izini ta shiga hannunka. Nan masu ƙera jirgi a gida suke faɗuwa: su ga inji a intanet, su biya, sai akwati ya sauka Yamai sannan su fara neman wanda zai sa hannu.

Inji dai Rotax 912 za ka nema, ƙirar Ostiriya. Mai ƙarfin doki 80, wato UL, ya fi dacewa da mu, don fetur mai oktan 90 (oktan ma'aunin ingancin fetur ne) ya ishe shi. ULS mai doki 100 sai oktan 95, kuma ba kowane gidan mai zai ba ka wannan tabbaci ba. Masu son injin kamfanin Jabiru su yi haƙuri, injin da iska kaɗai ke sanyaya shi ban yarda da shi ba a zafinmu na Afrilu.

Fara da ANAC, hukumar kula da jiragen sama ta Nijar. Rubuta musu da Faransanci, ka haɗa zanen jirgin, ka faɗi inda zai kwana da inda zai tashi, ka jira amsa a rubuce. "Je ka, ba matsala" ta baki ba ta fidda kaya. Dalili kuwa, irin wannan inji aka riƙa sa wa jirgin yaƙi marar matuƙi na Turkiyya, Bayraktar TB2, har kamfanin da ke ƙera injin ya dakatar da sayar musu a 2020. Saboda haka dillalin kirki zai so ka rubuta abin da za ka yi da shi, jami'in da ya buɗe akwatin a nan ma tunaninsa tsaro ne, bai damu da sha'awarka ba. Sunanka ya zo iri ɗaya a ko'ina. In fasfo ya ce Mahamadou, takardar saye ta ce Mamadou, an tsaya ke nan, kuɗin ajiya na hawa kullum. Lambar da ke jikin inji ita ma haka, a takardar saye, a ta jigila, a kundin inji.

In na hannu ne, kuma yawancinmu shi aljihu ke ɗauka, a turo maka hoton lambar ka duba ta cikin jerin injunan sata da Rotax ke wallafawa. Na zamanin nan awa 2000 ko shekara 15 ne wa'adinsa kafin a kwance shi gaba ɗaya. Tambayi ko farfela ta taɓa dukan ƙasa. Wanda ba shi da kundi, bar wa mai shi.

A tsiyaye mai da fetur tas, a ɗaure shi da kusoshi cikin akwatin katako, ya biyo jirgi zuwa filin jirgin Diori Hamani na Yamai. Wajen kilo 60 ne, bai kai a bi da shi ta tashar jirgin ruwa ta Lome ba. Ta Kano a ɓoye kuwa kada ma ka soma, injin da bai bi ta duwan ba da me za ka je neman rajista? Lambar rukunin kayansa a duwan 8407.10, ka ware kuɗin harajin TVA kashi 19 cikin ɗari bayan kuɗin fito, ka ɗauki mai fiton kaya da ya san filin jirgi.

Sauran kusan kilomita 900 ta Doso, Ƙonni da Maraɗi, a cikin mota, ban da saman bas. Toshe-toshen da ya zo da su su zauna har ranar ɗorawa saboda ƙura, tiyo da duk wata roba da ta shekara 5 a canza.