Darasi na 9: Ɗan Kunya da Wasu Dabbobin Ban Mamaki

Malami ya karanta wannan darasi da ƙarfi sau ɗaya. Daga nan ɗalibai su riƙa karɓa, kowa ya karanta sakin layi guda.

A gabashin ƙasar Ostiraliya akwai wata dabbar ruwa da ake kira filatifus. Bakinta irin na agwagwa ne, ƙafafunta ma haka, amma jikinta gashi ne. Tana yin ƙwai, idan ta ƙyanƙyashe kuma sai ta shayar da 'ya'yanta nono. Namijin yana da ƙaimi mai dafi a ƙafafunsa na baya. Da aka kai fatarta Ingila, masanin da ya duba ta a 1799 ya zaci wani ne ya ɗinka bakin agwagwa a jikin wata dabba don ya yaudari mutane.

A kurmin Ituri na ƙasar Kwango kuma akwai okapi. Ƙafafunsa da zane kamar na jakin dawa, alhali ɗan'uwan raƙumin dawa ne. Harshensa yana da tsawon da har idonsa yake gogewa da shi. Mutanen kurmin sun san shi tun kaka da kakanni, Turawa kuwa sai a 1901 suka tabbatar da shi.

Waɗannan biyun suna nesa da mu. Na ukun yana cikin dazuzzukan Najeriya, kuma a kansa za mu daɗe.

Sunansa ɗan kunya. Iri takwas ne sanannu a duniya, huɗu a Afirka, huɗu a Asiya. A Najeriya ana samun sa a kurmin kudu, kamar na Kuros Riba, da gandun dajin Gashaka-Gumti da ke tsakanin Taraba da Adamawa. Wani irin ƙarami ne, yana hawa bishiya. Babban cikinsu yana zama a rami, nauyinsa yakan kai kilo 30.

Tun daga kai har wutsiya ɓawo ne ya rufe shi, wani bisa wani, kamar yadda ake jera bunu a kan jinka. Cikinsa kuwa babu ɓawo. Ba shi da haƙori ko ɗaya. Yawanci da dare yake fita, ya sa farata ya fasa suri, ya zura dogon harshensa mai yauƙi ya kwaso gara da tururuwa. Yakan haɗiye 'yan tsakuwa da yashi, su taya shi niƙa abinci a ciki, yadda ƙundun kaza yake yi. Manomin da gara ta taɓa cinye wa rumbu ya san darajar dabbar da abincinta gara ne.

Idan ya ji tsoro ba ya cizo, ba ya kai hari. Sai ya cusa kai cikin ƙirji, ya naɗo wutsiya a kai, ya dunƙule kamar gammo. Daga nan ya samo sunansa. Zaki yakan yi ta juya shi da ƙafa, ya gaji ya tafi. Uwa idan tana tare da ɗanta, sai ta naɗe da shi a tsakiya. In babu haɗari, ɗan yana hawa gindin wutsiyarta, tana tafe yana maƙale.

Wannan dabara da ta gagari zaki ita ce ta jawo masa bala'i a hannun mutum. Mafarauci ba ya bukatar bindiga ko kare. Sunkuyawa kawai zai yi ya ɗauka ya jefa a buhu. Abin da ke ba ni tausayi shi ne, macen yawanci ɗa ɗaya take haifa, shi ma sau ɗaya a shekara. Ana kwasa da buhu, ita tana mayarwa ɗaya-ɗaya.

Ina ake kai su? Ana cin naman, ɓawon kuma ana fitar da shi zuwa Sin da Biyetnam, inda wasu ke sa shi a maganin gargajiya. To, kowa ya dubi farcen babban yatsansa. Abin da aka yi farcen nan da shi, da gashin kanmu, da kofaton doki, shi ne abin da ke cikin ɓawon ɗan kunya. Masana ba su tabbatar da yana warkar da wata cuta ba.

A 2016 ƙasashen duniya suka taru a Afirka ta Kudu, suka hana cinikinsa tsakanin ƙasa da ƙasa. Duk da haka, a watan Afrilu na 2019 hukumomin Singafo sun kama ɓawonsa sau biyu cikin 'yan kwanaki, wajen tan 25, a kwantenonin da suka taso daga Najeriya. Dubban dabbobi ke nan. A watan Oktoba na 2023 gwamnatin Najeriya ta ƙona kusan tan 4 na ɓawon da aka ƙwace, a Abuja. Dokar ƙasa ta hana kama shi da sayar da shi.

Idan kun ci karo da shi a gona ko a daji, ku kori karnuka, ku hana yara jifansa. Kada a yi ƙoƙarin warware shi da ƙarfi. Ku ja da baya ku yi shiru, zai warware da kansa ya tafi. Kada a kai shi gida da niyyar kiwo, domin ba ya cin dusa, ba ya cin hatsi, yunwa ce za ta kashe shi. In yana da rauni, ko kun ga ana tallarsa a kasuwa, ku gaya wa mai unguwa ko malamin daji.

Aiki

Rubuta waɗannan kalmomi a littafinka sau uku, ka lura da haruffa masu lanƙwasa: ɗan kunya, ɓawo, ƙundu, haƙori.

Me ɗan kunya yake ci? Me ya sa mutum yake kama shi cikin sauƙi? Ba da amsa da cikakkiyar jimla.

Tan ɗaya kilo 1,000 ne. Kilo nawa ne tan 25?

Kafin aji na gaba, tambayi wani dattijo ko mafarauci a garinku sunan dabba ɗaya da ake gani a da, yanzu ba a ganinta. Rubuto sunan, da wurin da ake samun ta a lokacin.