Yadda Ake Kallon Tsohon Fim A Talabijin, Da Yadda Ake Gane Mai Ƙarko

Da yawa daga cikin masu cewa tsohon fim ba ya kalluwa ba su taɓa ganinsa yadda masu shi suka yi shi ba. Abin da suka gani hoto ne da aka ja ta gefe har fuskoki suka baje, an datse waƙa biyu an cusa talla a gurbinsu, sauti kuma yana amsa kuwwa. Saboda haka kafin ka yanke wa fim hukunci, fara gyara akwatin da za ka kalle shi a ciki.

Ɗauki rimot ka shiga wajen saita girman hoto. Kusan duk fim ɗin da aka yi kafin 1953 hotonsa ya kusa zama murabba'i, faɗi 4 tsayi 3, kamar fuskar tsohon talabijin mai ƙeya. Casablanca na 1942 haka yake, Mother India na 1957 ma haka. Talabijin na yanzu kuwa faɗi 16 ne tsayi 9. In irin wannan fim ya hau kansa daidai, dole ka ga baƙin fili a dama da hagu. Ba lalacewa ba ce, kar ka taɓa. In ka matsa sai hoton ya cika fuskar akwatin, ɗayan biyu zai faru: ko dai a ja shi ta gefe, kowa ya ƙara faɗi da kashi ɗaya bisa uku, ko a zuƙo shi, rubu'in tsayin hoton ya tafi, kawunan mutane da rubutun fassara na ƙasa su bi shi. Zaɓi inda aka rubuta 4:3 ko Original. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce ka nemi abu mai zagaye a cikin fim ɗin, tayar mota ko agogon bango. In ya koma kamar ƙwai, saitin bai yi ba. Ka duba dikoda ma, domin tana da nata saitin daban, kuma sau da yawa a can matsalar take.

Daga 1953, da aka fito da The Robe a tsarin CinemaScope, silimar Amurka ta fara komawa hoto mai faɗi sosai don ta yi gogayya da talabijin. Irin waɗannan finafinai baƙin filinsu a sama da ƙasa yake fitowa. A nan ma haƙuri za ka yi da shi. A zamanin kaset gidajen talabijin kan yanke gefe da gefe don hoton ya cika akwati, abin da ke zubar da fiye da kashi 40 cikin 100 na faɗinsa. Wanda ya kalli The Message na Moustapha Akkad, na 1976, a irin wannan yankakken kwafi bai ga yadda aka jera rundunoni a fagen yaƙi ba, tsakiyar fili kawai ya gani. Alamar yankakken kwafi ita ce mutum biyu suna magana amma hancin ɗaya kaɗai ke leƙowa daga gefe, ko sunayen ma'aikata na farkon fim su rasa haruffan farko da na ƙarshe.

Sai babban mai ɓata tsohon fim, wato saitin da ke sa motsi ya yi santsi. Fim na silima hoto 24 ake ɗauka a daƙiƙa ɗaya. Talabijin na zamani yakan ƙirƙiro wasu hotunan na ƙarya ya cusa a tsakani, sai fim ɗin da aka kashe wa dukiya ya koma kamar bidiyon biki. Kowane kamfani da sunan da ya ba abin: Samsung na kiransa Auto Motion Plus, LG TruMotion, Sony kuma Motionflow. Kashe shi gaba ɗaya. In akwatinka na da Filmmaker Mode, wanda ya fara zuwa a talabijin na 2020, danna shi kawai, zai kashe maka wannan da sauran tarkacen. In babu, zaɓi Cinema ko Movie, ka rage kaifin hoto zuwa ƙasa sosai, ka kashe mai goge ƙura, wato Noise Reduction. Ɗan yashi-yashin nan da kake gani yana motsi a hoton ba datti ba ne, jikin fim ɗin ne da kansa. In aka goge shi fatar mutane takan yi sumul ta rasa rai. A fim marar kala kuma ka lura da farar riga: in tana ɗaukar shuɗi-shuɗi, mayar da zafin kala zuwa Warm.

Sauti ba ya buƙatar dogon aiki. Yawancin tsofaffin finafinai ta hanya ɗaya aka naɗi sautinsu, don haka kashe duk wani saitin da ke watsa shi ko'ina a ɗaki, shi ke sa muryar Lata Mangeshkar ko Mohammed Rafi ta yi kamar daga rijiya take fitowa.

Yanzu ka tabbatar fim ɗin cikakke ne. Nemi tsawonsa na asali ka gwada da abin da aka nuna maka, ban da talla. Amma akwai lissafin da ya kamata ka sani. Tsarin talabijin na Nijeriya da Nijar hoto 25 yake nunawa a daƙiƙa, don haka fim ɗin silima yakan ƙara sauri da kusan kashi 4 cikin 100. Mai minti 120 zai dawo kusan 115, mai minti 180 kuma kusan 173. Wannan ba yanka ba ne. In giɓin ya kai minti 20 ko 30, to an sa masa almakashi, kuma a finafinan Indiya waƙoƙi ake fara cirewa, alhali a tsofaffin nan sau da yawa a cikin waƙa ake faɗin abin da jaruma ba za ta iya furtawa a gaban iyayenta ba. In dikodarka na naɗa, naɗi fim ɗin ka tsallake tallan. Mai awa 3 kuma ka raba shi a wurin hutun rabin lokaci da masu shi suka tanada, ka tashi ka yi salla ka dawo.

Ka san kuma wane kwafi ne a gabanka. Mughal-e-Azam na 1960 akasarinsa baƙi da fari ne, sai a 2004 aka shafa masa kala. Hasken fitilu da inuwar da aka tsara don baƙi da fari ba sa zama daidai a ƙarƙashin fenti, saboda haka fara da na asalin. Kwafin da aka ɗora wa fassarar Hausa yana da daɗinsa, amma in mai fassara ya ƙara barkwancinsa a inda darakta ya so a yi shiru, ba da shi za ka auna fim ba.

To, ka gyara komai ka kalla. Ta yaya za ka gane mai ƙarko ne? Tsufa kaɗai ba ya wadatarwa. An ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in tun farko zuma ce. Kuɗin makon farko ma ba ma'auni ba ne. Sholay ya fito a 1975 cikin sanyin kasuwa da sukar 'yan jarida, daga baya ya shekara 5 ana nuna shi a silimar Minerva ta Bombay. It's a Wonderful Life na 1946 bai yi kasuwar da aka sa rai ba. Da haƙƙin mallakarsa ya faɗi a 1974 saboda ba a sabunta ba, gidajen talabijin na Amurka suka yi ta maimaita shi duk ƙarshen shekara, har ya zama abin da iyali ke taruwa a kai. Talabijin ne ya ba shi dama ta biyu, amma an maimaita ɗaruruwan finafinai haka ba wanda ya riƙe su.

Gwajin da ya fi kowanne shi ne kallo na biyu. Bar mako guda ko biyu, ka sake kallonsa kana sane da ƙarshensa. Fim ɗin da mamaki kaɗai yake sayarwa a nan yake mutuwa. Mai ƙarko kuwa ƙara nauyi yake yi, domin yanzu kana ganin yadda aka shuka ƙarshen tun a fitowar farko. Bayan haka zaɓi fitowa ɗaya ka kashe sauti na minti 5. In ka gane wa ke da iko a ɗakin, wa ke jin tsoro, wa ke ɓoye magana, daga inda aka tsayar da kowa da inda haske ya faɗa, to darakta ya san aikinsa. Sannan ka zaunar da wanda ba a haifa ba lokacin da fim ɗin ya fito, kar ka yi masa bayani, kar ka ce masa ga wuri mai daɗi nan tafe. Wannan ne ke raba ingancin fim da kewar ƙuruciya, domin mutum yakan so fim saboda wanda ya zauna kusa da shi ranar da ya fara gani. Ka ba baƙon minti 20 ya saba da tafiyar hawainiyar finafinan da, in bayan nan ya ajiye waya don kansa, ka sami amsa.

Jerin sunayen masana yana taimakawa wajen sanin inda za ka fara, ba wajen rufe magana ba. Mujallar Sight and Sound ta Birtaniya tana tambayar masu sharhi wane fim ne ya fi kowanne duk shekara 10 tun 1952. Citizen Kane ya riƙe kambu daga 1962 har 2002, Vertigo ya karɓe a 2012, a 2022 kuma wani ya sake karɓewa. Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka kuwa fim 25 yake zaɓa duk shekara don adanawa, kuma ba ya duba wanda bai shekara 10 ba. Wannan sharaɗin na shekara 10 ya dace ka ara.

Duk wannan gwaji sai fim ɗin yana nan za a yi shi. Alam Ara na 1931, fim mai magana na farko a Indiya, ya ɓace, ba kwafi ko ɗaya. Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, da aka ɗauko daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya tsira ne domin an samo shi an gyara, har aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Finafinan Kano na farko, tun daga Turmin Danya na 1990, a kaset suka fito, kuma kaset ba ya jure zafi da laima. In kana da irinsu, ajiye su a tsaye, nesa da rana da lasifika, domin maganaɗisun lasifika yana goge abin da ke kan zaren. Kafin ka kai a juye maka zuwa kwamfuta, leƙa ta tagar kaset ɗin, in ka ga farin fumfuna kar a sa shi a na'ura sai an tsabtace. Ka gaya wa mai juyewar ya bar hoton a 4:3, kar ya ja shi, kar ya manna tambarin shagonsa a kai, kuma ya ba ka kwafi biyu ka ajiye a wurare daban-daban.