Yadda Mai Raunin Jijiyar Hannu Zai Ɗaura Bel a Mota

Jijiyoyin da ke kai saƙo daga laka zuwa hannu guda biyar ne a tushensu. Suna fitowa daga ƙashin bayan wuya, su harɗe da juna a gefen wuya, su bi ta ƙarƙashin ƙashin wuya, wato ƙashin nan da ya kwanta daga gindin maƙogwaro zuwa kafaɗa, su shiga hammata, sannan su rarrabu har yatsu. Bel ɗin mota kuwa a kan wannan ƙashin aka tsara ya kwanta. Shi ya sa wanda ya ji rauni a wurin, galibi ta hanyar faɗuwa daga babur inda kai ya yi gefe kafaɗa ta yi gefe, yakan ƙi jinin bel. Wani da an taɓa fatar wurin sai zugi ya tashi har tafin hannu. Wani kuma wurin ba ya ji sam, bel zai goge masa fata bai sani ba. Wani naman kafaɗarsa ya zube, bel ɗin ba ya samun inda zai zauna, sai ya riƙa zamewa.

Mafi yawan masu wannan lalura sukan yi ɗaya cikin abu biyu: su tura igiyar ƙirji ta ƙarƙashin hammata, ko su jefa ta bayansu su bar ta ƙugu kawai. Duka biyun haɗari ne babba. Karo a gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, kuma wannan ƙarfin dole ya sauka a wani wuri a jiki. In igiyar na kan ƙashin wuya da tsakiyar ƙirji, ƙashi ne ya ɗauka. In tana ƙarƙashin hammata, haƙarƙarin ƙasa ne za su ɗauka, a bayansu kuma hanta ce a dama, saifa a hagu. In tana bayan mutum, jiki zai naɗe a kan igiyar ƙugu, kai ya daki abin da ke gaba, hanji da ƙashin baya su ji jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel yana rage haɗarin mutuwa ga waɗanda ke kujerun gaba da kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari, amma wannan lissafi na bel ne da aka ɗaura yadda injiniyan Volvo, Nils Bohlin, ya tsara shi a 1959: igiya ɗaya a ƙugu, ɗaya a kan kafaɗa. Don haka bel ba a gusar da shi daga inda aka yi shi ya zauna. Abin da ake canzawa shi ne kujerar da aka zauna, tsayin bel, da inda aka ajiye hannun.

Zaɓen kujera

Wannan shi ne gyara mafi sauƙi, kuma shi ke warware rabin matsalar. A Najeriya da Nijar sitiyari yana hagu, saboda haka bel ɗin direba da na wanda ke bayansa a kan kafaɗar hagu yake bi, na mai zaman gaba da na wanda ke bayansa kuma a kan kafaɗar dama. In hannunka na hagu ne ya ji rauni, zauna gefen dama, gaba ko baya. In na dama ne, zauna bayan direba. Kujerar tsakiya ta baya a tsofaffin motoci igiyar ƙugu kaɗai gare ta, kada ka zaɓe ta don kawai ba ta taɓa kafaɗa.

Wannan zaɓi yana zuwa da tasa wahalar, kuma gara a san ta tun farko. In bel yana bin kafaɗa mai lafiya, hannun mai lafiya ne zai miƙa baya a gefensa don kamo ƙarfen bel, sannan ramin da ake soka shi yana gefen hannun da ba ya aiki. Dabarar ita ce ka jawo bel tun kana tsaye a bakin ƙofa, kamar tsawon hannu guda, ka riƙe shi ka shiga ka zauna da shi. Ka ja a hankali. Na'urar da ke naɗe bel tana cijewa in an fizge ta, haka ma in motar na tsaye a gangare sosai, kuma in ta cije sai an sassauta mata kaɗan ta koma kafin ta sake bayarwa. Ramin kujerun gaba yawanci a kan sanda mai tauri yake, hannu ɗaya ya isa. Na baya kuwa sau da yawa a kan igiya mai laushi yake, kana dannawa yana nutsewa cikin kujera. Ka cusa naɗaɗɗen tsumma ko guntun soso mai tauri a gefensa ya tsayar da shi, amma kada ya rufe jan maɓallin da ake dannawa a buɗe.

A motar haya mai ɗora mutum biyu a kujerar gaba babu zancen bel. Wanda aka yi wa aikin jijiya, ko kafaɗarsa ke saɓulewa, ya biya kuɗin mutum biyu ya zauna shi kaɗai a kujerar in da hali, ya kuma duba bel ɗin na aiki tun a tasha kafin a tashi.

Tsayin bel da zaman jiki

A ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya, yawancin motoci suna da abin daidaita tsayin bel, ana danna shi a tura sama ko ƙasa. Ana so igiyar ta ratsa tsakiyar ƙashin wuya, rabin tazarar da ke tsakanin wuya da ƙarshen kafaɗa. In ta matso wuya, tana danne ramin nan mai laushi da ke saman ƙashin, kuma a nan ne jijiyoyin suka fi kusa da fata, a nan ne kuma likitoci sukan yanka in za su gyara su. Sai ka sauke abin daidaitawar da mataki ɗaya. In ta yi can ƙarshen kafaɗa tana neman zamewa kan damtse, ɗaga shi. Bayan kowane gyara ka girgiza shi ka tabbatar ya cije a mazauninsa. Motar da ba ta da wannan abin, sai a yi wasa da kujera: ɗaga ta yana nisanta igiyar daga wuya, matsar da ita gaba ko baya ma yana canza inda igiyar ke sauka.

Igiyar ƙugu a kan ƙasusuwan ƙugu take zama, tana taɓa saman cinya. Ba ta hawa ciki. Mace mai juna biyu ta sa ta ƙarƙashin cikin, ta ƙirji kuma ta bi tsakanin nono. Bayan ka ji ƙarar shigar ƙarfen, kama igiyar ƙirji kusa da ramin ka ja ta sama don ta ƙugu ta matse, sannan ka sake ta na'urar ta haɗiye ragowar. Babbar riga, rigar sanyi mai kauri lokacin hunturu, da mayafi mai yawa duk suna tara ninki ƙarƙashin bel. Ninkin yana barin sako-sako, kuma a fatar da ba ta ji yana iya zama abin da zai ci ta. A shimfiɗe tufa kafin a ɗaura.

Masu zugi sukan kwantar da kujera baya sosai don nauyin hannu ya ragu. Kada ta wuce ɗan jingina. In an kwantar da ita, igiyar ƙirji tana rabuwa da jiki, in aka yi karo mutum zai zame ta ƙarƙashin ta ƙugu, ita kuma ta haye ciki.

Inda hannun zai zauna

Ka'idar ɗaya ce: bel yana manne da jiki, hannun yana bisa bel. In hannu na rataye a marataya a gaban ciki aka ja bel ta samansa, to a lokacin karo sangalin hannun ne zai shiga tsakanin igiya da haƙarƙari, ya karye ko ya karya su, kuma kaurinsa ya riga ya hana bel matsewa. Yadda ake yi shi ne a zauna tukuna, a kwance igiyar marataya mai zagaye ƙugu in tana da ita, a tallafi gwiwar hannun a ɗan ɗaga shi daga jiki kamar faɗin tafi, a zura ƙarfen bel ta tsakanin hannun da ciki, a soka, a matse, sannan a mayar da hannun ya kwanta a kai. A makonnin farko bayan tiyata wannan aikin mutum biyu ne, kuma iyakar da likitan da ya yi aikin ya sa wa motsin kafaɗa ita ake bi. Ɗinkin jijiya ba ya son ja. Ka sa ma'aikacin sashen gashin ƙashi ya fito har wurin mota ya nuna wa mai rakiyarka sau ɗaya. Asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano suna da wannan sashe.

Hannun da ya shanye yana da nauyi, kuma kowane rami da mota ta faɗa yana jan sa ƙasa daga gaɓar kafaɗa. Ɗora ƙaramin matashi a cinya, a saman igiyar ƙugu bayan an ɗaura ta, gwiwar hannu da sangali su kwanta a kai. Tsayinsa ya kai yadda kafaɗun biyu za su daidaita, tafin hannu kuma ya ɗan fi gwiwar hannu tudu don rage kumburi. Matashi ba ya shiga tsakanin bel da jiki ko kaɗan. Kada a jingina hannun a taga ko a kan dasbod, inda jakar iska, wato jakar kariya da ke kumbura lokacin karo, ke fashewa. Mai zaman gaba ya tura kujerarsa baya iyakar yadda bel zai ci gaba da kwanciya a kafaɗa.

Abu biyu ne ke yawan cutar da hannun da ba ya ji tun kafin mota ta tashi. Na farko ƙofa: dubi yatsunka da ido kafin a rufe. Na biyu ƙarfen bel. Motar da ta wuni a rana a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, ƙarfen nan yana zafin da zai tayar da bororo, kuma fatar da ba ta ji ba za ta janye ba. Taɓa shi da hannu mai lafiya tukuna, in za ka bar mota kuma ka rufe shi da tsumma.

Abin da za a iya ƙarawa da abin da ba za a ƙara ba

Rigar bel mai laushi da ake naɗawa a igiya daidai kafaɗa tana taimaka wa mai fatar da ba ta son gugar gefen igiya. Kaurinta kada ya wuce yatsa guda, kuma ka gwada: saki bel ka gani ko yana komawa da kansa. In rigar ta tokare a bakin ginshiƙi ta hana shi komawa, gajarta ta ko cire ta. Sau da yawa ma singileti mai santsi da ya kama jiki, a ƙarƙashin riga, ya fi rigar bel amfani, domin gugar ce ke tayar da zugin fiye da dannawar. Akwai kuma marikin roba da ake maƙalawa a igiya don sauƙaƙa kamo ta, ba ya canza yadda bel ke zama, babu laifi a kansa.

Abin da za a guje wa shi ne duk wani maƙali, ko da na shanya ne, da ake matse igiya da shi don ta tsaya sako-sako. A karo jiki zai fara tafiya kafin bel ya kama shi, sai ya kama shi da fizga, a kan kafaɗar da ake neman karewa. Haka ƙarin tsawon bel da ake sayarwa a kasuwa: yana ɗaga mahaɗar zuwa kan ciki, kuma ba kowane ƙarfe ne ke cijewa da kyau a ramin kowace mota ba. Wanda ya zama dole ya yi amfani da shi ya nemi na kamfanin motar. Soka guntun ƙarfe a rami don ƙararrawa ta yi shiru, ko ɗaura bel ta bayan kujera a zauna a kai saboda jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, wannan zama ne ba bel.

A duba bel ɗin kansa, musamman a motoci 'yan Kwatano. Jawo shi duka ka duba ko ya zare, ya murɗe, ko an taɓa yanke shi an ɗinke. Fizge shi da ƙarfi, ya kamata ya cije nan take. Bel ɗin da aka yi mummunan haɗari da shi canza shi ake yi gaba ɗaya.

In kai ne direba

Direba ba shi da zaɓin gefe. In raunin na hagu ne, igiyar kan kafaɗar za ta bi, sai a dogara da daidaita tsayi da siririyar rigar bel. Wanda duk da haka ba zai iya jure ta ba, lokacin komawarsa tuƙi bai yi ba tukuna. In na dama ne, bel ba ya damun kafaɗa, amma giya da birkin hannu suna wannan gefen, don haka sai mota otomatik. Tsakanin ƙirji da tsakiyar sitiyari a bar aƙalla santimita 25 saboda jakar iska. Magungunan zugin jijiya irin su pregabalin, gabapentin da amitriptyline suna sa barci da jiri, musamman a farkon shansu ko in an ƙara yawansu, tramadol ma haka. Likita ne zai ce ko mutum ya isa tuƙi da hannu ɗaya.

A doguwar tafiya, kamar Kano zuwa Abuja, a tsaya duk bayan awa biyu, a kwance bel, a motsa yatsu da wuyan hannu da taimakon ɗaya hannun, a buɗe riga a duba fatar kafaɗa da gefen wuya, da madubi ko a sa wani ya duba. A fata mai duhu ja ba ya fitowa sosai, sai a nemi wurin da ya fi kewayensa duhu, ko sheƙi, ko ɗumi, ko tauri. Shaidar da ba ta ɓace ba bayan minti 30 tana nuna wurin ya danne da yawa, a canza tsayin bel ko gefen zama kafin a ci gaba. In kuma bayan tafiya ko birki mai tsanani aka ga sabon rauni a motsin yatsu, ko hannun ya yi sanyi ya canza launi, ko zugi ya ƙi lafawa, a je asibiti a ranar.

Kafin tafiyar farko, mota na tsaye, ka gwada kwance bel da hannu mai lafiya har sai kana yi ba tare da dubawa ba, musamman in ramin yana ƙarƙashin matashi da hannun da ba ya aiki. Ƙaramar wuƙar yanka bel, irin mai ɓoyayyen kaifi, a ajiye ta a aljihun ƙofa ko akwatin tsakiya na gefen hannun da ke aiki, inda za ka kai gare ta bel na ɗaure a jikinka.