Yadda Ake Haɗa Rukunan Protobuf Da Yawa A Wurin Aiki Ɗaya Da Buf

Idan ma'ajiyar manhaja ta ƙunshi fayilolin `.proto` (fayilolin Protobuf, waɗanda ke fayyace siffar bayanan da manhajoji ke musaya) na sassa daban-daban, kamar sashen biyan kuɗi da sashen ma'anonin da kowa ke aro, jera wa `protoc`, manhajar da ke sarrafa waɗannan fayiloli, hanyoyin foldoji ɗaya bayan ɗaya da alamar `-I` kan zama wahala da zarar aikin ya girma. Manhajar Buf ta sauƙaƙa wannan, domin tana ɗaukar kowane sashe a matsayin rukuni mai zaman kansa, sannan ta gina su gaba ɗaya.

Tun daga 2024, da aka fito da tsari na biyu na saitin Buf (`v2`), fayil ɗaya mai suna `buf.yaml` a tushen ma'ajiya ya wadatar. Wanda yake kan tsohon tsari, mai `buf.work.yaml` da fayil daban a kowane rukuni, sai ya yi amfani da umarnin `buf config migrate` ya haɗe masa su. Ga misalin `buf.yaml` na sabon tsarin:

```
version: v2
modules:
  - path: proto/gamagari
  - path: proto/biya
deps:
  - buf.build/googleapis/googleapis
lint:
  use:
    - STANDARD
breaking:
  use:
    - FILE
```

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne `path`, saboda daga nan ake fara lissafin hanyar kowane fayil. Fayil ɗin da ke `proto/gamagari/kamfani/kudi/v1/kudi.proto`, idan rukunin biya zai shigo da shi, `kamfani/kudi/v1/kudi.proto` kawai za a rubuta, ba tare da farkon hanyar ba. Haka nan ba a yarda rukuni biyu su mallaki fayil mai hanya iri ɗaya ba. Idan kowannensu yana da `v1/kudi.proto`, ginin zai tsaya. Shi ya sa yake da kyau tun ranar farko a sa foldoji su bi sunan kunshi (`package` da ake rubutawa a cikin fayil), wato kunshin `kamfani.kudi.v1` ya zauna a `kamfani/kudi/v1`. Ƙa'idojin `STANDARD` ma suna tilasta hakan, kuma a ganina bai kamata a kashe wannan ƙa'ida ba ko da ta matsa, domin sauya wa fayil wuri bayan an fara dogaro da shi ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Rukunan da ke cikin wurin aikin ba sa buƙatar a ambace su a `deps`, wato jerin rukunan da ake dogaro da su, Buf na gano alaƙarsu da kansa. Na waje kaɗai ake rubutawa a can, sai a gudanar da `buf dep update`, wanda zai samar da `buf.lock` guda ɗaya da ya kamata a ajiye shi a Git.

Akwai wani tarko kuma. Idan aka ba wani rukuni nasa `lint` (ƙa'idojin salon rubutu) ko `breaking` (ƙa'idojin gano sauyin da ke karya aiki), saitin nasa yana maye gurbin na bai-ɗaya ne kacokan, ba haɗuwa suke yi ba, don haka duk ƙa'idar da ake so ta ci gaba da aiki sai an sake rubuta ta a ƙarƙashinsa.

Daga tushen ma'ajiya za a gwada komai da `buf build` da `buf lint`, sannan `buf breaking --against '.git#branch=main'` ya nuna ko wani sauyi zai karya manhajojin da ke aiki da tsohon fasalin fayilolin `.proto`. Rukunin da za a tura rumbun Buf, inda ake ajiye rukunai a intanet, da `buf push` yana buƙatar a ƙara masa `name` a ƙarƙashin `path` ɗinsa.