Yadda Za Ka Shawo Kan Fargabar Rashin Lafiya

Tsoro kansa yana haifar da alamomi: faɗuwar gaba, jiri, ɗaurewar ƙirji. Idan numfashi ya yi sauri fiye da kima, yatsu kan yi kamar ana tsira musu allura. Shaƙi iska ta hanci daƙiƙa 4, ka fitar a hankali daƙiƙa 6, na minti 5.

Babban aikin shi ne rage dube-duben jiki don neman alamar cuta. Mai latsa kaluluwar wuyansa sau 20 a rana shi ke sa ta tsami, sannan tsamin ya ƙara firgita shi. Ƙirga sau nawa kake dubawa, ka rage rabi a mako. In sha'awar dubawa ta motsa, jinkirta minti 15, gobe 30. Da farko fargabar za ta ƙaru kafin ta lafa; a nan yawanci ake karaya. In bugun zuciya kake yawan dubawa, ka sani 60 zuwa 100 a minti, kana zaune, daidai ne.

Bar binciken alamomi a intanet, ka riƙe likita ɗaya. Amma ciwon ƙirji mai sauka hannu, zubar jini, rama ba dalili ko kumburi mai ƙaruwa, garzaya asibiti.