Yadda ake fita yawo da ƙananan yara a Maraɗi ba tare da an yi nisa da gida ba

Iyaye da yawa a Maraɗi sun ɗauka cewa fita yawo da yara sai ranar sallah, ko kuma sai an tanadi kuɗin mota da na saye-saye, shi ya sa ake samun yaron da zai shekara bai san ko'ina ba in ban da zauren gidansu da hanyar makarantar allo. Alhali kuwa yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 bai damu da nisan wuri ba. Abin da yake bukata shi ne babban da zai riƙe hannunsa, ya yi tafiya daidai da ƙafarsa, ya tsaya inda ya tsaya, ya kuma amsa masa tambayar da ya yi ko da ya maimaita ta. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaro ɗan shekara 1 zuwa 4 ya samu aƙalla minti 180 yana motsa jiki kowace rana, kuma ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a gaban waya ko talabijin. Wanda ya tsara fita a kusa da gida zai sama wa ɗansa kaso mai yawa na wannan motsin ba tare da ya kashe ko dala ba.

Da farko a zaɓi lokaci

A garin nan yanayi ne yake yanke lokacin fita, ba son ran mutum ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40 da tsakar rana, saboda haka sai a fita da sassafe a dawo kafin ƙarfe 9, ko kuma a jira har bayan la'asar. Da hunturu, wato Disamba zuwa Fabrairu, lamarin yakan juya: a bari sai hantsi ya ɗaga, a sa wa yaro rigar sanyi, a shafa masa man kaɗanya a leɓe da ƙafa, ranar da hazo ya yi kauri kuwa mai tari ko mai ciwon ƙirji ya zauna gida. Da damina a riƙa duban gabas saboda hadari, a kuma tabbata an shigo gida kafin magariba, lokacin da sauro yake fara fitowa. Ban da wannan akwai lokacin yaron kansa, domin wanda yake jin yunwa ko barci ba zai ga komai a hanya ba sai abin da zai sa shi kuka.

Sai guzuri da shiri

Ruwan sha mai tsabta a gora mai murfi shi ne kan gaba, sannan hula, da ɗan sabulu, da tsohon zani ko ƙaramar tabarma ta zama. Takalmi ya zama wanda ya rufe ƙafa, domin ƙarangiya da tsaidau da ƙayar aduwa ba su barin silifa ta yi amfani da zarar an bar kwalta. Abin taɓawa ya zama mai laushi, kamar ayaba ko ƙosai ko dafaffen dankali ko yankakken mangwaro. Gyaɗa da aya su ne amfanin gonar da aka san jiharmu da su, kuma kowane yaro yana son su, amma wanda bai kai shekara 4 ba yana iya shaƙewa da ƙwayarsu, musamman idan yana ci yana gudu, don haka a bar su ga manyan yara. Haka ma alewa mai tauri da magarya.

A rubuta lambar waya a takarda a sa a aljihun yaro, a kuma koya masa faɗin sunan mahaifinsa da na unguwarsu, ko Bagalam ce ko Mokoyo ko Zariya. A ganina babba ɗaya kada ya wuce yara ƙanana biyu. Al'adar nan ta ɗora wa yarinya ƴar shekara 8 ƙannenta uku a ce ta kai su wasa ba ta cikin abin da ake nufi da fita da yara, domin ita ma tana bukatar mai lura da ita.

A fara da unguwa

Fitar farko kada ta wuce zagayen unguwa na rabin awa. A tsaya gaban tela yaro ya ga yadda keke yake cin yadi, a leƙa wurin mai injin niƙa daga nesa saboda ƙara, a wuce ta wurin maƙeri ko baduku idan akwai. Kafin a tsaya a nemi izini, a kuma sa yaron ya yi gaisuwa da bakinsa, ya rusuna ya ce "Ina kwana, Baba" ko "Ina wuni, Inna". Mai sana'ar da aka gaida da ladabi yakan nuna wa yaro abin da ba a ma roƙa ba. Ziyarar kaka ko gwaggo ko kawu a unguwar da ke kusa ita ma fita ce cikakkiya, in dai an tafi a ƙasa ba a kan kabu-kabu ba. Wurin tsallaka titi kuwa a riƙe wuyan hannun yaro, ba yatsunsa ba, kuma babba ne zai kasance ta ɓangaren da babura suke bi.

Bayan an saba da wannan sai kasuwa, amma ƙaramar kasuwar unguwa tukuna, domin cunkoson babbar kasuwa da amalanke da masu dako ya fi ƙarfin ɗan shekara 3. A ba yaro dala 10 ko dala 20, wato sefa 50 ko 100, a hannunsa, ya zaɓi tumatir ko albasa, ya miƙa kuɗin da kansa, ya karɓi canji. A nan ne zai fara jin ƙirga da sunayen launuka a bakin mutane, tun kafin ya shiga lakwal.

Gulbi da garake

Wurin da ya fi kowane amfani ga ƙaramin yaro a Maraɗi shi ne fadamar gulbi da ke yammacin gari, kuma shi ne ya fi bukatar hankali. Da rani gulbin yakan ƙafe ya bar yashi mai faɗi, gefensa kuma garake ne na salati da kabeji da tumatir da zogale, ga itatuwan mangwaro masu inuwa. A zaɓi garkar wanda aka sani, a gaida shi, a roƙe shi yaro ya kalli ban ruwa, in ya yarda ma ya riƙe ƙaramar buta ya shayar da kunya ɗaya. A bar yaro ya tona yashi, ya gina ɗaki, ya tsinci ƙananan duwatsu da busassun ganye. Kada a hanzarta shi. Idan ya tsuguna minti goma yana kallon tururuwa tana jan ƙwayar hatsi, fitar ta riga ta biya.

A riƙa kiran kowace bishiya da sunanta: ga kuka, ga tsamiya, ga kalgo, ga goriba, ga dogon yaro. Gawo ya fi daɗin bayani, domin shi ne yake zubar da ganye da damina lokacin da sauran itatuwa suke kore, ya kuma yi ganye da rani, ƴaƴansa su zama abincin dabbobi. Idan aka ci sa'a za a tarar da jajayen awakin nan da sunan Maraɗi ya bi su har ƙasashen waje suna tsintar ƴaƴan a gindinsa. Ɗan shekara 5 ko 6 ana iya nuna masa kututturen da manomi ya sassabe ya bar masa rassa biyu ko uku su girma, a gaya masa cewa wannan dabara ta sassaben zamani a ƙauyukan jihar nan ta yi ƙarfi tun shekarun 1980, kuma da ita aka maido da itatuwa cikin gonaki.

Da damina kuwa doka ɗaya ce: ba a sauka cikin gulbi da yaro. Ruwansa daga wajen Katsina yake tasowa, saboda haka yana iya cikowa ko da ba a ga ɗigon ruwan sama a Maraɗi ba. Dattawa suna sane da cewa ambaliyar 1945 ce ta rushe tsohon garin da ke cikin kwari har aka koma kan tudu. A tsaya daga nesa a kalla, hannun yaro yana cikin na babba. Kududdufai da kwantaccen ruwa ma haka, ba a barin yaro ya shiga, domin ban da nutsewa a irin wannan ruwa ake ɗaukar tsargiya mai sa fitsarin jini. Rijiyoyin garake da yawa ba su da murfi, don haka da an shiga garka a fara tambayar inda rijiya take.

Fada da wuraren taro

Ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maraɗi wuri ne da yaro zai ga dogarai da dawaki, a kuma ba shi labari a taƙaice cewa sarakunan Katsina ne suka kafa wannan sarauta a farkon ƙarni na 19. Ya fi kyau a kai shi ranar da babu taro. Hawan sallah da filin kokowa suna da daɗin kallo, amma ƙura da turereniya da sukuwar dawaki ba su dace da wanda bai kai shekara 5 ba, in kuwa dole ne a je, to a tsaya can baya kusa da mafita, a ɗora yaro a kafaɗa, a kuma tashi kafin taro ya watse.

Idan ana son a ɗan matsa

Iyalin da ya saba da fitar kusa yana iya ware wuni guda domin Tsibirin Gobir, ko garaken Jiratawa, ko tabkin Madarumfa da ke kudu da gari, tafiyar kilomita 20 da ɗoriya, inda akwai masunta da tsuntsayen ruwa da kaburburan da ake dangantawa da waliyyai 99. Kafin a tashi a tambayi mutanen wurin halin da hanya take ciki ta fuskar tsaro, a tafi da safe a dawo da sauran rana, kuma kada a sa ƙaramin yaro cikin jirgin ruwa.

Ranar da ba a fita ba

Ba kowace rana ce ta fita ba, kuma tsakar gida ma tana da abin yi. Yaro yana iya watsa wa kaji tsaba, ya tsince wake tare da mahaifiyarsa idan ya wuce shekarun sa abu a baki, ya shuka gero ko kuɓewa a tsohon gwangwani ya riƙa ba shi ruwa yana duban tsirowarsa. Karan dawa yana zama mota, yumɓu yana zama tukunya ko saniya, ƙashi da tsumma suna zama ƴar tsana. Da dare a kashe waya a shimfiɗa tabarma a yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, a kuma bar yaro ya katse labarin da tambaya.

Bayan an dawo

Da an shigo gida a wanke wa yaro hannu da ƙafa da sabulu, a duba tafin ƙafarsa ko ƙaya ta shiga, a ba shi ruwa ya sha sosai. Sai a tambaye shi abin da ya gani, a bar shi ya ba mahaifinsa ko kakarsa labari da bakinsa ko da ya haɗa gaskiya da ƙari, domin ta haka ne kalmomin da ya ji a hanya suke zama nasa. Ya kwana cikin gidan sauro kowace rana. Idan lokacin damina ne kada a tsallake maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ma'aikatan lafiya suke rabawa wata-wata ga yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5, idan kuma jikin yaro ya yi zafi a kwanakin da suka biyo bayan fitar, a kai shi asibiti a ranar a yi masa gwaji, kada a tsaya ana cewa rana ce ta buge shi.